ORM ko in ci gaba da rubuta SQL da hannuna? Fotal ɗin makaranta nake haɗawa, kaina ya ɗaure

Abba_Gwale

Assalamu alaikum manyan gida. Dan Allah ku taimaka min da shawara, kwana uku kenan ina juya maganar nan a raina na kasa tsayar da abu ɗaya.

Wata makarantar kuɗi ce a nan unguwarmu, firamare da sakandare, ɗalibai sun kusa 900, mai makarantar abokin yayana ne shi ya sa ma aikin ya zo hannuna. So suke a yi musu fotal inda malamai za su dinga shigar da makin C.A. da na jarabawa, sistem ya haɗa jimla ya fitar da wanda ya zo na ɗaya da na biyu har ƙasa, a buga katin sakamako, sannan bosa ya dinga shigar da kuɗin makaranta, nan gaba kuma iyaye su biya ta waya. Yanzu duk da Excel suke yi, kowane fom masta da nasa fayil ɗin, ƙarshen zango sai a shafe sati biyu ana cigiyar wanda filashinsa ya ɓata.

Ni PHP na ɗan iya, a YouTube na koya, kuma abin da na saba da shi shi ne mysqli, in rubuta abuna kamar haka

`$sql = "SELECT * FROM dalibai WHERE suna = '$suna'";`

da haka na yi ayyuka biyu a baya, na wani kemis da na wani mai sayar da yadi, kuma har yau suna aiki ba wanda ya kira ni da ƙorafi. To amma wannan ya fi su girma, sai na fara tambayar mutane, a nan kuma aka rikita ni. Abokina ya ce in bar wahalar da kaina in koma Laravel, firemwok ɗin PHP, wai da Eloquent, wato ORM ɗinsa da ke haɗa maka kwerin databes ta bayan fage, ko layi ɗaya na SQL ba sai na rubuta ba. Wani oga da na yi I.T. a wajensa ya ce ORM aikin ragwaye ne, nauyi kawai yake ƙara wa saba. Ƙanina kuma da yake 200 lebul ya ce PHP ma ai ya mutu, in yi Node, wato JavaScript na saba, da ORM ɗin Prisma, ko kawai in jefa komai a Firebase, ma'ajiyar bayanai ta Google.

Hostin ɗin an riga an biya na shekara, irin na haɗaka ne mai cPanel, PHP 8.2 da databes na MariaDB. Saura sati shida a fara jarabawa kuma mai makaranta so yake wannan zangon a fitar da sakamako da shi. Wanne zan ɗauka dan Allah? Na gode.

Baban_Hanifa

Wa alaikumus salam Abba. Kafin mu je maganar ORM, ajiye komai tukuna ka buɗe wancan aikin naka na kemis, je wajen neman suna ka rubuta Sa'adatu. Ko Rabi'u, ko Mu'azu, ko Isma'il. Ka dawo ka ba mu labari.

Abin da zai faru shi ne wannan ɗan waƙafin na sama da ke tsakiyar sunan zai rufe maka kwerin tun bai kai ƙarshe ba, databes ya ga 'Sa' sannan ya ga wani adatu da bai san daga ina ya faɗo ba, sai ya watso maka kuskure. A makaranta mai yara 900 a Kano kuwa ka ƙirga A'isha nawa za ka samu. Wannan fa wanda bai yi niyyar cutar da kai ba kenan. Mai niyya kuma a wajen lambar ɗalibi zai rubuta

`' OR '1'='1`

shi kenan sharaɗinka ya zama gaskiya a kan kowane layi, tebur ɗin ya zube masa gaba ɗaya, in ya ɗan ƙware ma ya canza wa kansa maki. Shi ne ake kira SQL injection, kuma kar ka ɗauka ƙananan yara irinmu kaɗai yake kayarwa. A 2015 ta wannan ƙofar aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, shekara ta zagayo hukuma ta ci su tarar fam 400,000. Ɗan SS2 mai waya da data ya isa ya yi maka wannan aika-aikar.

Maganin ba wuya, gurbi za ka bari a cikin kwerin, bayanin ya bi ta hanyarsa daban:

```
$pdo = new PDO('mysql:host=localhost;dbname=makaranta;charset=utf8mb4', $mai, $sirri);
$st = $pdo->prepare('SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?');
$st->execute([$suna]);
```

Shi ma mysqli yana da prepare, kawai dai ni PDO, ɗayar hanyar da PHP ke magana da databes, ya fi kwanta min, yana cikin PHP tun 5.1 a 2005 kuma da shi za ka yi magana da MySQL da PostgreSQL da SQLite duka. Bidiyoyin da kuke koyo da su da yawa ragowar zamanin mysql_query ne, wanda aka cire shi kwata-kwata a PHP 7 ƙarshen 2015, sai masu koyarwar suka ƙara harafin i kawai suka ci gaba da tsohuwar ɗabi'a.

Ka lura da utf8mb4 ɗin can da na sa, ba ado ba ne. In ka bar shi a latin1, ranar da aka buga kati za ka ga ƙ ta koma Æ™ ko alamar tambaya, uban yaro ɗan Ƙanƙara ya zo ofis yana tambaya wane gari ne wannan kuka rubuta wa ɗansa.

Yanzu ra'ayina a kan tambayarka. Ni tsohon hannu ne, SQL nake rubutawa kuma shi zan ce ka riƙe, dalili kuwa aikinka rabinsa lissafi ne a kan tebur. Ga misali matsayin ɗalibi a aji, wanda na tabbata niyyarka ka ɗebo kowa ka zuba a array ka yi ta juyawa da lup:

```
SELECT dalibi_id, jimla, RANK() OVER (ORDER BY jimla DESC) AS matsayi
FROM (SELECT dalibi_id, SUM(ca + jarabawa) AS jimla
      FROM maki WHERE aji_id = ? AND zango_id = ?
      GROUP BY dalibi_id) t;
```

Tafiya ɗaya an gama. MySQL ya samu wannan a 8.0, MariaDB tun 10.2, duba naka a phpMyAdmin. Kuma je ka tambayi shugaban makaranta tun yanzu, in yara biyu suka yi kunnen doki a na ɗaya, mai bi musu na biyu ne ko na uku? In na uku ne RANK, in na biyu ne DENSE_RANK. Na taɓa ganin iyaye sun kusa dambe a ranar bayar da kyaututtuka a kan wannan.

Tara duk kwerinka a folda ɗaya, fayil ɗin ɗalibai daban na maki daban na kuɗi daban, kar in ga SELECT a tsakiyar HTML. In ka yi haka ba ka buƙatar wani ORM.

Ummi_Zazzau

Baba duk abin da ka faɗa a kan gurbi da utf8mb4 na sa hannu, amma maganarka ta ƙarshe kam da sake, ka yi haƙuri 😄

Abba, matsalar PDO zalla ba a kwerin take ba, a sauran kayan da za ka ɗinka da hannunka take. Fotal ɗinka yana da malami, fom masta, bosa, shugaban makaranta, iyaye, kowa da abin da ya halatta ya gani. Shiga da fita, adana kalmar sirri yadda ya kamata, kare fom daga turowar bogi, tantance cewa makin C.A. bai wuce 40 ba, duk kai kaɗai cikin sati shida, kuma kai ne jiya-jiya kake liƙa $suna a cikin kweri. Ba raini ba ne wallahi, ni ma haka na fara. Baba ya shekara ashirin yana yi, yana da nasa kayan da ya tara yake ɗauka daga wannan aiki zuwa wancan, kai ba ka da su.

Sannan akwai abin da mutane ba sa faɗa, shi Eloquent ɗin ai a kan PDO yake zaune. In ka rubuta Dalibi::where('suna', $suna)->get() abin da Baba ya nuna maka ne dai yake faruwa a ƙasa, gurbi da komai. Kuma Laravel bai ɗaure maka hannu ba, hawa uku ne a ciki, Eloquent a sama, DB::table() a tsakiya wanda kamar SQL ne da aka rubuta da PHP, sai DB::select() a ƙasa inda za ka manna kwerin Baba na RANK yadda yake ba ka canza ko waƙafi ba. Ni haka nake yi, rijistar ɗalibi, gyara suna, canza aji, shigar da maki duk Eloquent, amma duk abin da ya zama rahoto, jimla, matsakaici, matsayi, waye bai biya ba, SQL nake rubutawa. Ba wanda ya ce dole sai ka zaɓi ɓangare kamar zaɓen gwamna.

Amma ogan naka da ya ce ORM na da nauyi ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, sai dai bai gaya maka inda nauyin yake fitowa ba. Bari in ba ka nawa labarin. Shekarar da na fara Laravel na yi wa wata makaranta irin wannan aikin sak, a laftof ɗina da ɗalibai biyar na gwaji komai fit-fit kamar walƙiya. Ranar da malamai suka gama shigar da maki aka buɗe shafin JSS1, yara 60 darasi 12, shafi ya tsaya yana ta juyawa, fom mastoci takwas suka buɗe nasu a lokaci guda sai saba ta ce ita kam ta gaji. Ina cikin adaidaita a Kwangila shugabar makaranta tana kira, na ƙi ɗagawa sau uku don ban san me zan ce mata ba. Da dare na sa Debugbar, abin da ke nuna kwerin da shafi ya yi, na duba, kweri 781 a shafi ɗaya. Ɗaya ya ɗebo yaran, sannan kowane yaro an koma an ɗebo makinsa 60 kenan, sannan kowane maki an sake komawa a tambayo sunan darasinsa, 60 sau 12, 720. Kamar a aike ka kasuwa sayen tumatir kwano guda ka dinga ɗauko ɗaya-ɗaya kana komawa gida. Kod ɗin kuma in ka kalle shi tsaf-tsaf, foreach biyu ne kawai, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Gyaran

`Dalibi::with('maki.darasi')->where('aji_id', $aji)->get();`

ya dawo kweri 3. Uku fa, daga 781. Sunan ciwon N+1 kuma kowane ORM yana da shi, a Django select_related da prefetch_related ne maganinsa, a Rails includes. Tun 2021 Laravel ya kawo Model::preventLazyLoading(), sa shi a AppServiceProvider tun ranar farko amma ban da kan saba ta gaske, duk inda ka manta with sai ya tsayar da kai da jan rubutu tun a laftof, kafin shugabar makaranta ta tsayar da kai.

Abu biyu kuma da za ka kiyaye don kar ka ɗauka shiga Laravel ya wanke ka. In ka rubuta whereRaw("suna = '$suna'") ka dawo gidan jiya, ramin nan dai ka sake faɗawa. Na biyu sunan kolum ba ya shiga gurbi, saboda haka in kana barin mutum ya zaɓi yadda za a jera masa tebur, kar ka ɗauki abin da ya turo ka miƙa wa orderBy kai tsaye, rubuta sunayen da ka yarda da su guda uku ko huɗu, in ba ya ciki a watsar.

Baba kuma ɗan gyara a kwerinka da izininka, in yaro ya yi C.A. amma rashin lafiya ta hana shi jarabawa aka bar wajen NULL, ca + jarabawa zai fito NULL, SUM ya tsallake shi, yaro ya yi asarar C.A. ɗinsa ma. A sa COALESCE(jarabawa, 0).

Baban_Hanifa

Kin kama ni Hajiya Ummi, COALESCE ɗin gaskiyarki ne, tsufa ne. Amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki, kin gano 781 ne saboda kin iya karanta SQL ɗin da Debugbar ya nuna miki. Wanda abokinsa ya ce masa "ko layi ɗaya ba sai ka rubuta ba" me zai gani a wajen? Irin wannan ne ya sa tun 2006 Ted Neward ya kwatanta ORM da yaƙin Biyetnam, shiga da sauƙi, nasara da wuri, sannan a maƙale a rasa hanyar fita. Ni ba na ƙin kayan aiki, alƙawarin da ake yi wa yara da shi ne ba na so.

Sadik_JS

kai jama'a 2025 ana maganar PHP 😂 bro ka yi Next da Prisma kawai, schema daya zaka rubuta ya hada maka komai har types, editor ma na gaya maka in kayi kuskuren sunan column tun kafin ka run. ko Firebase, ba ruwanka da server gaba daya kuma kyauta ne

Ummi_Zazzau

Sadik Prisma ba shi da laifi, ina amfani da shi a wani aikin, kuma abin da ka faɗa na kama kuskure tun a edita gaskiya ne yana da daɗi. Amma ka karanta tambayar kuwa? Mutum ya ce PHP ya iya, an biya hostin na haɗaka, saura sati shida. So kake ya koyi JavaScript na saba da TypeScript da React, ya koma wajen mai makaranta ya ce a sake biyan VPS, wato saba ta kansa, duk kafin jarabawa?

Firebase kuma kyautarsa tana da iyaka, Firestore, databes ɗinsa, karatu 50,000 yake ba ka a rana, kuma kowace takarda da ka ɗebo karatu ɗaya ce. In kowane maki takardarsa daban, yara 900 sau darasi 12 ya ba ka 10,800, wato a buɗe sakamakon makarantar gaba ɗaya sau biyar an cinye na ranar, daga nan sai biya da dala. Ga shi babu JOIN. Bayanan makaranta kuwa duk dangantaka ce, yaro na cikin aji, aji na da darussa, darasi na da malami, maki na rataye da su duka. Irin wannan tebur yake so.

Abba_Gwale

Innalillahi. Baba na gwada, na rubuta Sa'adatu a na kemis ɗin, shafin ya yi fari fat sai wani dogon rubutu da ya fito har da sunan folda ta. Ashe shi ya sa yaron shagon ya taɓa ce min wasu sunayen "ba sa shiga" sai ya cire musu alama, ni kuma na ce masa kibod ɗinsa ne. Na gwada ɗayan ma na OR ɗin a wajen shiga, wlh ya shigar da ni a matsayin admin ba tare da kalmar sirri ba, jikina har rawa yake. Yau da dare zan gyara musu duka biyun kafin in taɓa na makaranta.

Anti Ummi na fahimci maganar hawa ukun, hankalina ya fi kwanciya da ita. Abin da ya rage min tsoro shi ne ɓangaren kuɗi. In maki ya yi kuskure a gyara a sake bugawa, amma in kuɗin mutane ya rikice ni za a kama, kuma abokin yayana ne, abin har gida zai zo. A nan ɗin Eloquent zan yi ko SQL?

Ɗan_Damagaram

Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a makare. Ni daga Zinder nake, mu nan Symfony muka fi tasowa da shi tunda daga Faransa ya fito kuma takardunsa da faransanci suna da yawa, ORM ɗinsa Doctrine. Na yi wa lakwal biyu irin wannan aikin, mu dai maki bisa 20 ne kuma kowane darasi da nauyinsa, amma ciwon kan iri ɗaya ne.

Malam Abba a maganar kuɗi tambayar Eloquent ko SQL ba ita ce a gaba ba, ko wanne ka ɗauka in ba ka sa dokokin a cikin databes ɗin kansa ba za ka sha wuya. Ga abin da ya same ni. Iyaye na biya ta waya, kamfanin biyan kuɗin sai ya turo wa saba ta saƙo cewa an biya, ni kuma in rubuta. Ban san cewa in saba ta yi jinkirin amsawa suna sake turowa ba, kuma haka tsarin yake a ko'ina ba laifinsu ba ne. Na sa kod ya duba ko lambar biyan tana nan kafin ya rubuta, na ɗauka na yi dabara, ashe saƙo biyu sun iso kusan tare, wannan ya duba bai gani ba, wancan ma ya duba bai gani ba, duka suka rubuta. Wani uba ya biya zango ɗaya sistem ya nuna ya biya biyu. Sai ƙarshen shekara mai ajiyar kuɗi ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa, muka kwana biyu muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya da biro. Da na sa UNIQUE a kan kolum ɗin lambar biya tun farko, databes da kansa zai ƙi na biyun, layi ɗaya ne, a Laravel $table->string('lambar_biya')->unique().

Haka ma teburin maki, ɗaure ɗalibi da darasi da zango su zama UNIQUE tare, in ba haka ba malami zai danna maɓalli sau biyu saboda netwok ya tsaya, yaro ya tashi da lissafi biyu jimlarsa ta haura ta kowa.

Na biyu, kar ka ajiye kuɗi a FLOAT. Buɗe burauza ka rubuta 0.1 + 0.2 a konsol ka ga abin da zai ba ka, 0.30000000000000004. Mu sefa ba ta da ƙananan kuɗi a aikace sai muke sa INT kawai, ku kuma ko DECIMAL(12,2) ko ka ajiye da kwabo, naira 45,000 ta zama 4500000, Paystack ma da kwabo yake karɓa in za ku haɗa da shi.

Na uku, duk aikin da ya taɓa tebur fiye da ɗaya, misali rubuta biya, rage bashi, fitar da lambar rasit, kunsa shi cikin DB::transaction(), ko duka su shiga ko duka su fasa. In bosa biyu za su iya taɓa asusun yaro ɗaya a lokaci guda ƙara lockForUpdate() a wajen ɗebo shi. Amma duba injin teburanka ya zama InnoDB, don ɗayan injin, MyISAM, bai san wannan ba, zai karɓi umarnin shiru kamar ya yi alhali bai yi komai ba. InnoDB ne na asali tun MySQL 5.5, sai dai in ka kwafo tsohon fayil na SQL daga wani aiki yakan zo da ENGINE=MyISAM a maƙale a ƙasa.

Ni shawarata ma kar ka ajiye "ragowar bashi" a matsayin lambar da ake ta gogewa ana sake rubutawa. Rubuta abin da ake bin yaro layi-layi, abin da ya biya layi-layi, ragowa kuma SUM ya fitar duk lokacin da aka tambaya. Kuma ba a goge biya, in bosa ya yi kuskure a rubuta wani layin da ya warware shi da sunan wanda ya yi da lokaci. Ranar da aka zo ana musu, wannan ne zai fitar da kai.

Doctrine da Eloquent akwai bambancin tsari, a Eloquent shi ɗalibin ne yake ajiye kansa da save(), a Doctrine akwai manaja a gefe da yake tara canje-canje sai ka ce flush() ya zuba su tare. Na fi son namu in aiki ya girma, amma a sati shida da mutum ɗaya ba zan ce ka zo wajenmu ba, bi maganar Malama Ummi.

Baban_Hanifa

Ɗan Damagaram ya gama magana, wannan na ƙin goge biya a rubuta shi da ruwan zinare. To Abba tunda sun rinjaye ni biyu da ɗaya, je ka yi Laravel ɗin, amma da sharaɗi, kullum Debugbar a buɗe, duk shafin da ka gama ka kalli kweri nawa ya yi kuma ka karanta su ɗaya-ɗaya har ka gane me kowanne yake cewa. Wanda ka ga yana jan ƙafa sa masa EXPLAIN a gaba a phpMyAdmin, in ka ga ALL a ƙarƙashin type a kan teburin maki to indes ne babu. Kuma cika databes ɗin gwajinka da yara 900 na bogi tun yanzu, kar ka yi irin ta Hajiya da yara biyar.

Ummi_Zazzau

Baba ai ba za ka bar ni in huta da yara biyar ɗin nan ba 😂 Factory da seeder za su cika maka shi cikin minti ɗaya Abba, kuma ka sa sunaye irin namu masu waƙafi da ƙ da ɗ a ciki.

Saura maganar ɗora shi a hostin na haɗaka, don a nan mutane ke yin kuka. PHP 8.2 ɗinka ya isa Laravel 11 da 12. In ba su ba ka SSH ba, wato hanyar ba saba umarni kai tsaye, yi composer install a laftof ka dunƙule komai har da vendor ka ɗora ta File Manager, maigireshin kuma, wato fayilolin da ke ƙirƙirar teburanka, ka gudanar a gida ka fitar da SQL ɗin ka shigar ta phpMyAdmin, ba daɗi amma yana yi. Abin da ba na so ka yi wasa da shi, folda public kaɗai ce za ta fuskanci duniya, sauran su zauna a wajen public_html. In ka zuba komai a ciki, duk wanda ya rubuta /.env a ƙarshen adireshinka zai iya ganin kalmar sirrin databes ɗinka, kuma akwai robobin da ba su da aiki sai neman wannan dare da rana. APP_DEBUG ya zama false. Sabon Laravel kuma da SQLite yake zuwa a saite, ka canza DB_CONNECTION tun farko don abin da kake gwadawa a gida ya zama irin na saba, in ba haka ba wani kwerin da ka rubuta da hannu zai yi a nan ya ƙi a can.

Ka fara da maki da kati kawai wannan zangon. Biya ta waya ka ce wa mai makaranta sai zango na biyu, kar kunya ta sa ka amsa abin da zai hana ka barci.

Abba_Gwale

Na gode ƙwarai Baba, Anti Ummi, Malam na Damagaram, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Sadik kai ma na gode, Prisma sai an yi hutu 😅

Na gyara na kemis da na mai yadi jiya, Sa'adatu ta shiga lafiya. Na sauke Laravel, na yi teburin ɗalibai da aji da maki, na zuba yara 900 na bogi, shafin aji ya fara da kweri 54 na sa with ya koma 4, ban san daga ina na huɗun yake ba tukuna amma ina bin sa. MariaDB ɗin hostin 10.6 ne, RANK ya yi.

Na kuma je wajen shugaban makaranta da maganar kunnen doki. Ya ce a wajensu in biyu suka yi na ɗaya mai bi musu na uku ne, mataimakinsa yana gefe ya ce a'a ai tun da aka buɗe makarantar na biyu suke rubutawa, na baro su suna ta yi. Sun ce in dawo ranar Litinin.